Ɗaki Mai Lamba 5B da Jinyar da Ba Ta Jira Magani Ba

A farkon shekarun 1980, a manyan asibitocin Amurka, akwai majinyatan da ake ajiye wa farantin abinci a ƙasa, a bakin ƙofa. Mai kawo abincin ba ya shiga. Mai abincin kuma ba ya iya tasowa, don numfashi ya gagare shi, ƙafafunsa sun koma kamar sillen kara. Abincin ya huce, ya bushe, a zo a ɗauke shi yadda aka kawo shi. Mai shara yana tsallake ɗakin. Zanin gado ya ɓaci, ya kwana a ɓace. A jikin ƙofar an manna takardar gargaɗi, wanda kuma aiki ya tilasta wa shiga sai ya rufe jikinsa ruf, riga kan riga, hula, takunkumi, safar hannu, idanu kawai ake gani. Saurayi ɗan shekara 28 ko 32 yana kwance yana jiran ajali, sai ya yi makonni fatar wani ɗan Adam ba ta taɓa tasa ba.

Wani ma'aikacin jinya mai suna Cliff Morrison ya ga irin wannan a babban asibitin birnin San Francisco, inda yake aiki, abin ya tsaya masa a rai. Daga nan aka samu ɗakin kwantar da marasa lafiya mai lamba 5B, wanda aka buɗe ranar 25 ga Yuli, 1983, da gado 12. Shi ne ɗakin kwanciya na farko a Amurka da aka keɓe domin masu cutar ƙanjamau. Na daɗe ina juya labarin wannan ɗaki a zuciyata, kuma abin da na tsaya a kai shi ne: mutanen 5B sun yi daidai tun kafin ilimi ya gama tabbatar musu da cewa sun yi daidai, kuma babban abin da suka yi shi ne ɗauke tausayi daga hannun sa'a, suka mayar da shi dokar ɗaki.

Kafin in yabe su, sai in yi wa masu tsoro adalci. Rashin sani ya fi dare duhu, kuma a lokacin duhun ya kai duhu. Ranar 5 ga Yuni, 1981, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta fitar da ɗan gajeren rahoto kan samari biyar a Los Angeles da suka kamu da wata irin nimoniya wadda ba ta kama mai lafiya. Bayan haka sai rahotanni suka yi ta zuwa: wani ciwon daji mai fitar da tabo ruwan makuba a fata, gudawar da ba ta tsayawa, farin ƙuraje a baki da maƙogwaro, makanta, ruɗewar ƙwaƙwalwa, rama har mutum ya koma ƙashi da fata. Sai a watan Mayun 1983 masu bincike na cibiyar Pasteur a Faransa, Luc Montagnier da Françoise Barré-Sinoussi da abokan aikinsu, suka ba da labarin ƙwayar cutar da suka gano, kuma ko a lokacin ba a gama yarda ita ce sanadi ba. Gwajin jini bai fito ba sai 1985. Maganin farko, AZT, sai 1987. A watan Mayun 1983 ɗin nan ne ma wata babbar mujallar likitoci ta buga rubutun da ya sa mutane zaton ko zaman gida ɗaya ma na iya yaɗa cutar. Gari ya ruɗe. An raba wa 'yan sandan San Francisco takunkumi da safar hannu. Wasu gidajen shirya gawa suka ƙi karɓar mamatan. Mace mai 'ya'ya ƙanana a gida, wadda aikinta share ɗakin asibiti ne, in ta ji gabanta ya faɗi a bakin ƙofar nan, ba zan kira ta muguwa ba.

To amma akwai abin da aka riga aka sani. Yadda cutar take bin mutane ya yi kama da yadda ciwon hanta nau'in B yake bi: jima'i, jini, allura, daga uwa zuwa jariri. Tun a ƙarshen 1982 CDC ta shawarci ma'aikatan asibiti su ɗauki irin matakan da suke ɗauka kan ciwon hantar. Da iska ce ke ɗauke da ita, ko musafaha, ko kofin shan ruwa, da tuni likitoci da nas-nas ɗin da suka fara duba majinyatan sun kwanta. Ba su kwanta ba. Morrison da abokan aikinsa suka kafa aikinsu a kan wannan hujja. Safar hannu a sa ta idan za a taɓa jini ko wani ruwan jiki. Allura a yi hankali da ita. In ba haka ba, a shiga da fuska a buɗe, a zauna a bakin gado, a riƙe hannu.

Tsarin ɗakin shi ne abin da ya fi jan hankalina, don a nan ne aikin yake. Ba a tura kowa 5B ba. Duk nas ɗin da ta yi aiki a can ita ta nema da bakinta, wasu ma 'yan'uwansu da abokan zamansu suna hana su. Alison Moed na cikin na farko, ita ce kuma ta riƙe shugabancin nas-nas na ɗakin. An soke lokacin dubiya: wanda kwanakinsa ƙidayayyu ne, ba a ce wa mai son ganinsa ya dawo ƙarfe huɗu. Wanda yake son kwana kusa da majinyacinsa ya kwana. An bar majinyaci shi zai faɗi su wane ne danginsa, domin da yawansu iyayensu sun sallama su tun kafin ciwo, wanda ya rage musu shi ne aboki, ko abokin zama, ko maƙwabci. A sauran asibitoci irin waɗannan mutane a waje ake tsayar da su, a ce ba jini ɗaya ba ne, alhali su ne suka yi wata da watanni suna wankin kashi da fitsari a gida. A 5B an buɗe musu ƙofa. Har karen mutum ko kyanwarsa ana iya shigo masa da ita ya shafa. An kawo masu ba da shawara daga ƙungiyar Shanti, wadda tun 1974 take zama da masu ciwon ajali, suka zama wani ɓangare na ɗakin. Kuma an sa majinyaci cikin shawarar jinyarsa: yana son a sa masa injin numfashi idan abin ya kai can, ko yana son a sauƙaƙa masa raɗaɗi a bar shi ya cika cikin natsuwa? A wancan zamani da maganar likita take yankan wuƙa, wannan babban sauyi ne, kuma daga wurin masu jinya ya fito.

Wata mata mai suna Rita Rockett ta riƙa zuwa ranar Lahadi da dafaffen abinci, ta ciyar da majinyata da masu jinyarsu, ta yi musu rawa da raha, ta yi shekaru tana haka. Na ambace ta ne don mutum ya gane irin iskar da ake shaƙa a wurin. Ɗaki ne da ake mutuwa a cikinsa a kai a kai, amma ana cin abinci tare.

Hausa ta raba kalmomi biyu da mutane kan haɗa: magani daban, jinya daban. Magani shi ne abin da ake haɗiya ko ake tsirawa a jijiya. Jinya ita ce juya mutum don kada bayansa ya yi gyambo, goge masa baki, canza masa zani kafin ya ji kunyar roƙo, ɗiga masa ruwa da cokali, zama kusa da shi da tsakar dare lokacin da tsoro yake saukowa. Asibitin zamani ya ginu ne a kan magani, jinya kuma aka mayar da ita 'yar rakiya. Ƙanjamau ta zo ta kwashe maganin gaba ɗaya daga kan tebur. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Da miyar ta ƙare, wasu asibitoci suka ga ba su da sauran abin bayarwa, suka ja da baya. Mutanen 5B suka ga cewa rabin aikinsu yana nan daram. Ba su iya hana mutuwa, amma suna iya hana mutum mutuwa cikin ƙazanta, da ƙishirwa, da kaɗaici. Ni a wurina wannan ma warkarwa ce, ko da ba ta ƙara wa mutum kwana ɗaya ba. Kuma sau da yawa tana ƙarawa: wanda aka ba abinci a baki ya fi wanda aka ajiye wa a ƙofa daɗewa, wanda ake leƙawa a kai a kai an fi saurin gane zazzaɓinsa ya tashi.

Dalilin da ya sa nake nanata maganar doka shi ne, mai tausayi ba ya ƙarewa a kowane asibiti. Ko a wuraren da ake ajiye faranti a ƙofa, ana samun nas guda da za ta saci jiki ta shiga ta share wa mutum hawaye. Amma majinyacin da darajarsa ta rataya a kan wace ce ke aikin dare yau, yana cikin caca. Yau ya dace, gobe bai dace ba. Abin da 5B ta yi shi ne ta sa kyakkyawar mu'amala ta zama ita ce aikin da aka ɗauke ka ka yi, shugabar ɗaki tana bibiya, hukumar asibiti ta sa hannu, birni yana biyan kuɗi. A hawa na shida na wani gini a asibitin akwai sashen masu zuwa su koma gida, mai lamba 86, wanda likitoci Paul Volberding da Constance Wofsy da Donald Abrams suka fara a watan Janairun 1983. Da shi, da 5B, da ƙungiyoyin sa kai masu kai abinci gida-gida da masu zaman jinya, suka haɗu suka zama tsari guda da duniya ta riƙa zuwa koyo, ana kiransa tsarin San Francisco. Gado 12 bai isa ba, a 1986 aka koma ɗaki mai lamba 5A mai gado 20.

Akwai masu suka, kuma sukarsu ba ta banza ba ce. Ta farko ta fito ne daga cikin majinyatan da masu kare su: keɓe ɗaki domin cuta guda, ashe ba wata unguwar kutare ake ginawa ba? Tsoron yana da tushe. A 1986 an kai ga jefa ƙuri'a a jihar Kalifoniya kan wani ƙudiri da zai buɗe hanyar killace masu ɗauke da cutar, sai dai jama'a suka kayar da shi da babban rinjaye. Saboda haka wanda ya ji an ce za a tara masu ƙanjamau wuri guda, dole ya ɗaga kunne. Abin da ya raba 5B da unguwar kutare shi ne ko wa aka gina katangar domin ta kare. A killacewa, ana kare na waje daga na ciki. A 5B an kare na ciki ne daga wulaƙancin na waje, ƙofa kuma a buɗe take ga duk mai son shiga. Ban ce keɓewa ita ce daidai a kowane zamani ba. Yau da cutar take da magungunan da ke danne ta, ɗaki na musamman mai allo a ƙofa tona asiri ne kawai, kuma gara mai ɗauke da ita ya bi layi ɗaya da mai hawan jini. Amma a 1983, lokacin da sauran ɗakuna suka gaza, tara majinyatan a hannun waɗanda suka zaɓi jinyarsu rahama ce.

Suka ta biyu ta fi nauyi, ita ce ta lafiyar ma'aikata. A cikin asibitin nan kansa akwai nas-nas da suka kai ƙara suna neman a bar su su sa takunkumi da safar hannu yadda suka ga dama, akwai kuma likitocin fiɗa da suka ce ana wasa da rayukansu. Likitan ƙashi da ke aiki da zarto da guduma cikin jini yana da hujjar da mai riƙe hannun majinyaci ba shi da ita, wannan gaskiya ne. Kuma abin da ake tsoro ya faru. A 1987 wata matashiyar nas a ɗakin, Mary Magee, allurar da aka yi amfani da ita a jikin majinyaci ta soke ta, gwaji ya nuna ta kamu. Ta yi shekaru tana ɓoye sunanta. Duk mai yabon 5B da ya tsallake wannan labari bai yi gaskiya ba.

Sai dai a duba ta inda cutar ta shige ta. Ta allura ce. Duk rigunan nan da huluna da takunkumi da ake ta rigima a kansu, ba ɗaya da zai tare tsinin allura. Bincike ya nuna cewa a cikin sukar allura 1,000 irin wannan, kimanin 3 ne ke kai ga kamuwa, kuma ba a samu ma'aikacin da ya kamu ta hanyar riƙe hannu, ko ba da abinci, ko gyara matashi ba. Wato tsoron da ya sa aka ajiye faranti a ƙofa ya tsaya gadin ƙofar da ɓarawo ba ya bi, ya bar taga a buɗe. Ita Magee ba ta juya wa majinyata baya ba. Ta sa ƙarfinta wajen neman a tilasta wa asibitoci sayen allurai masu murfin kariya, aka yi dokar a Kalifoniya a 1998, aka yi ta ƙasa baki ɗaya a 2000. A 1987 ɗin kuma CDC ta fitar da ƙa'idar da har yau ake koyar da ita a makarantun jinya: a ɗauki jinin kowane majinyaci a matsayin mai haɗari, ba na wanda aka sa wa alama kaɗai ba. Wannan ƙa'ida ta kare ma'aikaci fiye da da, ta kuma cire wa majinyaci tambarin da aka buga masa. Tausayi da kariya ba kishiyoyi ba ne, in dai ilimi ne ya shiga tsakaninsu. Ina ma ƙara da cewa hukumar da take son nas ta shiga ɗaki da sakin fuska, wajibinta ne ta ba ta safar hannu da akwatin zubar da allura da maganin gaggawa idan tsautsayi ya faɗa. Ba a neman jarumta daga wanda aka tura fagen fama hannu rabbana.

Yanzu sai maganar da na san tana zuciyar masu karatu da yawa. Akasarin waɗanda suka kwanta a 5B 'yan luwaɗi ne, wasu kuma masu tsira wa kansu allurar ƙwaya. A Amurka ma a lokacin akwai malaman coci da 'yan siyasa da suka fito suka ce azaba ce ta sauka, kuma shirun da Shugaba Ronald Reagan ya yi, wanda bai ambaci cutar a bainar jama'a ba sai a watan Satumban 1985, bai rasa nasaba da su wane ne ke mutuwa ba. Ba na neman kowa ya sauya abin da addininsa ya koya masa game da halal da haram. Abin da nake cewa shi ne gadon asibiti ba kotu ba ne, nas kuma ba alƙali ba ce. Direban da ya yi gudun ganganci ya kife, ana ɗinke shi. Mashayin taba da huhunsa ya lalace, ana sa masa iska. Ɓarawon da aka harba, likita yana cire masa harsashi kafin a kai shi gaban shari'a. Ranar da ma'aikacin jinya ya fara auna tarihin mutum kafin ya miƙa masa ruwa, ranar aikin jinya ya mutu, kuma ba wanda ya san a kan wa ma'aunin zai faɗa gobe. A hadisin da Muslim ya ruwaito, Allah yana cewa bawansa ranar ƙiyama: na yi rashin lafiya ba ka duba ni ba. Da bawan ya tambaya ta yaya, sai a ce masa bawana wane ya yi ciwo ba ka je ba, da ka je da ka same ni a wurinsa. Ban ga inda aka ce sai an fara binciken yadda ya kamu ba.

Kuma raba majinyata gida biyu, masu laifi da marasa laifi, bai taɓa tsirar da marasa laifin ba. Ryan White yaro ne ɗan jihar Indiana mai ciwon rashin daskarewar jini, ya kamu ta hanyar maganin da ake haɗawa daga jinin mutane. A 1985, yana ɗan shekara 13, aka hana shi shiga makaranta, iyayen yara suka yi masa ca, iyalinsa suka bar garin Kokomo daga baya. Ya rasu a watan Afrilun 1990. Ƙyama ba ta tambayar hanya. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

A Landan, a watan Afrilun 1987, Gimbiya Diana ta buɗe ɗakin masu ƙanjamau a asibitin Middlesex, ta yi musafaha da majinyaci ba safar hannu, hoton ya zaga duniya. Ya yi amfani ƙwarai. Abin da ya fi tsaya mini a hoton shi ne mutumin ya juya wa kyamara baya, don kada a gane shi. Kuma abin da gimbiya ta yi na minti ɗaya, nas-nas sun shekara huɗu suna yin sa dare da rana ba mai ɗaukar su hoto.

Labarin da ya fi kusa da mu na Yuganda ne, inda ake kiran cutar silim saboda yadda take ramar da mutum. Noerine Kaleeba ƙwararriyar mai gasa ƙashi da motsa gaɓoɓi ce a asibitin Mulago na Kampala. Mijinta Christopher yana karatu a Ingila ciwo ya kwantar da shi a 1986, ta je ta ga yadda ma'aikatan can suka riƙe shi da mutunci. Da suka dawo gida, a asibitin da ita kanta take aiki, ta ga ana gudun mijinta. Ya rasu a watan Janairun 1987. A shekarar ita da wasu tsirarun mutane, da yawansu masu ɗauke da cutar, suka kafa ƙungiyar TASO, suna zama da majinyata, suna koya wa iyalai yadda za su yi jinya a gida ba tare da tsoro ba. Ba su da kuɗin San Francisco, ba su da injuna, magani kuwa ko labarinsa babu. Wannan ya ƙara tabbatar mini cewa abin da 5B ta gano bai dogara da arzikin Amurka ba. Sabulu, ruwa, tsumma mai tsabta, sanin ta inda cutar take bi da ta inda ba ta bi, da mutumin da ya yarda ya zauna.

Mu ma ta iso mu. A 1986 Najeriya ta ba da rahoton masu cutar na farko. Sunan da muka raɗa mata ma daga kamannin majinyaci muka ɗauko shi, wanda ya ƙanjame, wasu kuma suka riƙa ce mata kabari kusa, kamar mai ita ya riga ya fita daga sahun masu rai. A Legas an kori wata ma'aikaciyar jinya, Georgina Ahamefule, daga aiki a 1995 saboda gwaji ya nuna tana ɗauke da ƙwayar cutar. Da ta kai ƙara, a 2001 aka hana ta shiga zauren kotun don gudun kada ta shafa wa mutane, shekara 18 bayan buɗe 5B. Sai a 2012 ta yi nasara. A 1997 Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, tsohon ministan lafiya, ya fito ya gaya wa duniya cewa ƙanjamau ce ta kashe ƙaninsa Fela, a lokacin da iyalai ke cewa sammu ne ko taifot. A 2014 aka sa hannu kan dokar hana nuna wariya ga masu cutar. Tun daga 1996 haɗin magunguna ya mayar da ita ciwon da ake rayuwa da shi, kuma wanda yake shan maganinsa har ƙwayar ta daina bayyana a gwaji ba ya sa wa matarsa ko mijinta. Duk da haka har gobe akwai mai tsallake asibitin unguwarsu ya tafi wani gari karɓar magani don kada a gan shi, akwai mai naƙuda da ake jan ƙafa a kanta da zarar an buɗe katinta. Kuma wata annobar da ba a san kanta ba za ta sake zuwa, kamar yadda Ebola da korona suka zo, tambayar da aka yi a 1983 ta dawo sabuwa: wa zai shiga ɗakin, da wane shiri, kuma wa zai tsaya masa.

Ina da dalilina na kaina da ya sa farantin nan na bakin ƙofa bai bar ni ba. Wajen ƙarshen shekarun 1990, ina yaro, wani maƙwabcinmu direban babbar mota ya dawo gida da ciwo. Asibiti suka sallame shi, suka ce a je a ci gaba da addu'a. Aka gyara masa wani ɗaki a soro, aka ware masa kwano da moɗa da buta. Ba wanda ya faɗi sunan ciwon, kowa kuma ya sani. Mutum ne da in ya dawo daga Kudu yakan tara mu ya raba mana rake da biredi. Wata rana da yamma mahaifiyata ta dama kunu ta ce in kai masa, ta ce in gaishe shi da jiki. Na isa bakin ɗakin, na hango shi kwance a kan tabarma, idanunsa sun yi zuru-zuru. Ya kira sunana, ya ce, “Shigo mana, ɗana.” Na durƙusa daga waje, na tura kwanon ciki iyakar inda hannuna ya kai, na ce, “Sannu da jiki, Baba,” na juya da gudu. Ban waiwaya na ga ko hannunsa ya kai ga kwanon ba.

Yayarsa ce ta zo daga ƙauye ta zauna da shi. Ita take tallafo kansa ta ba shi kunu da ludayi, ita take wanke masa tufafi, in dare ya yi ta shimfiɗa tabarmarta kusa da tasa. Mata suna ce mata, “Yaya, ki dai riƙa yin nesa-nesa,” tana cewa ɗan'uwanta ne, ciki ɗaya suka fito. Bai kai wata biyu ba ya rasu, kansa a kan cinyarta. Ta rayu shekaru masu yawa bayansa, lafiyarta ƙalau.